Yakura Mai Faifai a Gwangwanin Turare

Kafin rana ta yi zafi, Madam Yakura ta riga ta bar gida. Mayafi ruwan toka, jaka a hammata. Ba ta da mobilet, ƙaramin babur ɗin nan. Ƙafa take takawa cikin rairayin Gure har biro, wato ofis, ƙamshin turaren wuta na biye da ita, don Babarbariya ce ta gaske. In ta isa ba ta doguwar gaisuwa. Ta yaye zanen da ta lulluɓe kwamfuta da shi, ta kakkaɓe, ta ninke. Ta bi madannai da gashin kaza ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta yi bismilla ta kunna.

Haka take yi tun zamanin injin buga takarda mai ƙarar tas-tas. Yawancinmu da aka haifa a garin nan, yatsunta ne suka fara buga sunayenmu a takardar haihuwa. A ƙarshen shekarar nan ta 1999 za ta ajiye aiki. Ba na jin za a buga mata ganga. Shi ya sa wannan rubutu.

Da kwamfuta ta shigo gari, aka tura ta Yamai koyo. Ta dawo da abu guda da sauran ba su kula da shi ba: kowace kwamfuta tana zuwa da faifanta mai ƙyalli, wanda ake girka mata tsari da shi, kuma ranar da ta sume, shi ne maganinta. A wasu birori faifan ya ɓace tun makon farko. Wani ya zama madubin yara. Nata kuwa ta naɗe shi a ƙyalle mai laushi, ta sa a tsohon gwangwanin turare, ta rufe. Ma'aikatan asibiti sun ga gwangwanin nan. Masu kula da lakwal, makarantun boko, sun gan shi. Duk inda allo ya yi baƙi, ita ake aika wa.

Amma wanda aka fi ba da labarinsa shi ne na bazarar da ta wuce.

Akwai wani porje, wato shiri na dasa itatuwa a kan tuddan rairayi, bironsu na bakin gari, hanyar Kelle. Wutar gari ba ta kai can, injinsu gare su, wanda muke ce wa gurup. Sun ɗauki wata yarinya, Nafisa, aikin buga takardu. Ba ta daɗe da gama kolej ba, kuma gwaji ake mata, ba a tabbatar da ita ba tukuna. Wata safiya ta kunna kwamfuta, sai baƙin allo da layi guda na Faransanci. Ta kashe, ta kunna. Haka dai. Rahoton shekara na ciki, washegari kuma mota za ta Yamai da shi.

Da gudu ta iso wurin Yakura, har takalmi ɗaya ta bari a hanya.

"Inna, ordinatar ta ƙi tashi. Patoron ya ce ni na kashe ta."

"Kin zuba mata ruwa?"

"A'a wallahi."

"Kin doke ta?"

"A'a."

"To share hawayenki, kada ki jiƙa mini faifai."

Nafisa ta san abin da ke gabanta, Yakura ma ta sani. Gure ƙaramin gari ne. Yarinyar da aka ce ta kashe ordinatar, ba biron da zai sake ba ta kujera.

Patoron, wato shugaban porjen, Mushe Kabiru, ba mugu ba ne. Tsoro ne ya kama shi. Suka tarar yana kai da komo, rigarsa sharkaf da gumi.

"Madam, kin gani? Watanni muna aikin nan. Me zan ce wa na Yamai? In aikin ya tafi, ita ma ta bi shi. Ni dai na faɗa."

"Ina faifanku?"

Can wani ya tuna cewa Ɗan Kasuwa direba ya rataye shi a madubin mota, har ya ɗaura masa geza. Yakura ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jaka, ta fito da gwangwani. Ƙamshi ya cika ɗakin.

A da, abin da ake yi shi ne a ɗora kwamfuta a mota a kai Damagaram. Ta dawo tana aiki, amma fayau, an goge komai. Yakura ba ta yarda da haka. Cewa take abu biyu ne a cikinta: aikin mutane, da tsarin da ke tashe ta. Sau da yawa tsarin ne kawai ya gurgunce, aikin na kwance lafiya. Sai a ara mata ƙafa daga faifai ta tashi.

Ba ita ta zauna ba. Ta ja kujera ta ce wa Nafisa, "Zauna. Ke aka ce kin kashe, ke za ki tayar."

Yarinyar ta zauna. Yakura na tsaye a bayanta tana faɗa a hankali. Kunna. Danna wannan kafin ta farga. Allo mai shuɗi ya fito. Ce mata ta fara duba faifai kafin ta duba cikinta. Sa faifan, ki riƙe shi ta gefe, ba faranti ba ne. Na'urar ta yi gurnani, ta karanta, ta tashi. Nafisa ta buga ƴan haruffan da aka ce mata, sai ga sunayen ayyuka suna gangarowa. Rahoton na nan. Mushe Kabiru ya dafe bango.

"Tukuna," in ji Yakura. Ta sa aka kwashe rahoton a disket biyu, ƙananan faifan ajiya, ta sa ɗaya a aljihun Mushe da hannunta. Sannan aka fara sake girka tsarin a kan tsohon, ba tare da an goge komai ba. Wannan shi ne wuri mai haɗari. In wuta ta ɗauke a tsakiya, sai abin da hali ya yi.

Ana tsakiyar nan aka kira azahar.

Ta taga Yakura ta hango mai gadi, Baba Isa, tsohon Bafillace, ya ajiye buta ya nufi rumfar gurup, hannunsa a miƙe. Matar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba ta kwarma ihu.

"Kai, Bafillace! Bawana! Ɗauke hannunka!"

Tsohon ya juyo yana murmushi. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, ba mai jin zafi.

"Ke Babarbariya, yaushe baiwa ta fara ba ubangidanta oda?"

"Me za ka yi a can?"

"Abin da nake yi kullum. An kira salla, in kashe gurup. Patoron ya ce man gazuwal ba ruwan rijiya ba ne."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah. Ban taɓa fashi ba." Da alfahari ya faɗa.

Yakura ta juya ga Nafisa. Yarinyar ta ce ita takan fita alwala ta bar kwamfutar a kunne. In ta dawo aka tada inji, kwamfutar takan tsaya ta yi ƴan dube-dube kafin ta buɗe. Ta ɗauka halinta ne. Ba wanda ya gaya mata ana rufe ta kafin a yanke wuta.

Fuskar Mushe Kabiru ta sauya. Ya bar Nafisa, ya kafe tsohon da ido. Kowa ya ga inda fushin zai sauka. Yakura ta riga shi.

"Baba Isa, in kana tatsar saniya, kakan fizge ƙwarya ka ture ta ba sallama?"

"Ni? Haram! Ai sai ta hana ni nono gobe."

"To ga taku ta hana. Wa ya aike ku ba makiyayi inji?"

"Ina laifi, da ku Barebari ne da kun turara shi har ya shaƙe."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har Mushe. Cikin dariyar ta matsa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. Wanda ke kusa ne kaɗai ya ji.

"Shi an ce ya kashe, ya kashe. Ita ba a gaya mata ba. Wa za ka kora?"

Ya ce, "Odar tawa ce."

Aka yi salla gurup na ruri. Kafin la'asar kwamfuta ta tashi da ƙafarta, komai na wurinsa. Rahoto ya bi mota. Yakura ta goge faifanta, ta naɗe, ta rufe gwangwani, ta koma bironta a ƙafa.

Ke ce, Inna Yakura. Ke ce mai tada sumammiya ba ki goge mata tunani ba. Gyaran na'ura wasu ma sun iya. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne a gano inda kuskure yake, a faɗe shi a fili, kuma kowa ya koma gida da mutuncinsa. Da kin zauna kin gyara da kanki, da an yaba miki, yarinyar kuma ta tafi. Kika tsaya a bayanta.

Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya bar miki idanunki da yatsunki. Ku kuma da kuka iya wani abu, ku adana faifanku, ku koya wa na ƙasa da ku, kuma kafin ku nuna mai laifi ku leƙa ta taga.

Nafisa na nan a kujerarta, an tabbatar da ita. In ka bi hanyar Kelle da azahar, za ka ga Baba Isa tsaye a bakin taga, buta a hannu, yana jira.

"Ƴar nan, an gama tatsa?"

"An gama, Baba. Kashe."