Buzun Malam

Ni ne na yi kuskure, kuma da sanina na yi shi.

Mun tashi a gaban wani malami kusa da rijiyoyin Dakoro. Tun ina yaro nake ɗaukar masa buta. Daga baya wani mutum ya zo, wanda a da yana cikin maharan da suka kore raƙuman malam. Ya tuba, ya zauna karatu, ya wuce mu duka. Ranar da malam zai cika, ni kaɗai ke kansa. Ya ce, "Buzuna na salla, ka ba ƙanenka." Haka yake kiran tubabben nan. A wurinmu, wanda ya gaji buzu shi ke jan salla, shi ke raba gardama a bakin rijiya.

Na rufe bakina, na shimfiɗa buzun na hau.

Da jama'a suka fara karkata wajen tubabben, sai na tuna labarin wani madugu da ya zauna da Nasara a Masar. Ya ce wanda ya fi shimfiɗa musu addini bai taɓa zama da Annabi Isa ba, farautar mabiyansa ma yake yi, sannan ya juyo ya ce an aiko shi. Na kai wa dattawa wannan, na ce, "Kun ga abin da ɗan baya ke yi wa tafarki." Amma madugun ya ce hawariyawa, su da suka ci abinci da Annabi Isa, sun miƙa wa mutumin hannu sun karɓe shi. Wannan ban faɗa ba.

Aka hana tubabben ruwan rijiya. Ya ɗora iyalinsa a jaki cikin bazara ya yi arewa. Ƙaramar ɗiyarsa ba ta kai ba.

Sai da furfura ta rufe ni na same shi wajen garin Rumbu, ya makance, yana biya wa 'ya'yan makiyaya karatu. Ya gane muryata.

"Yaya, kai ne? Har yanzu kana jan ƙafar hagu."

Na sa buzun a hannunsa. Ya shafa, ya sunsuna.

Na ce, "Malam kai ya bar wa. Na ji da kunnena, na ɓoye. Ni na kore ka, ni na sa ka binne ɗiyarka a hanya. Don Allah ka yafe mini."