Rufin Roba a Kan Gyaɗar Yayana

Lokacin da nake koyar da kimiyya a Karaye, wani ɗan kasuwa ya riƙa kawo fallayen roba daga Kano yana sayarwa a kasuwar Rogo, wai rufi ne da wuta ba ta ci. Sai ya ƙyasta ashana ya kanga a jikin falle, ashanar ta mutu robar ko baƙi ba ta yi ba. Yayana da ke noma a Jajaye ya saya ya rufe ɗakin ajiyar gyaɗarsa.

Hankalina bai kwanta ba. Na yanko guntu na tafi da shi makaranta. Na zuba ruwa a gwangwanin madara, na tsoma ma'aunin zafi, na riƙe guntun da awartaki a bakin harshen wuta a ƙarƙashin gwangwanin. Ya daɗe yana gardama, amma da ya kama sai da na ja da baya. Itace mai nauyinsa da na ƙona don in kwatanta, ɗumama ruwan kawai ya yi. Robar kuwa ta tafasa shi, tana ɗiga da wuta, hayaƙinta yana shaƙe maƙogwaro.

Na hau babur na sami Yaya a gida, na ba shi labarin gwajin da na yi.

"Yaya, a cire rufin nan. Ba ya saurin kamawa, amma in ya kama ba mai kashe shi."

"Da idona na ga an sa masa ashana," in ji shi. "Kai kuma ka zo min da zancen gwangwani. Boko bai koya muku komai ba sai tsoro."

Na yi ta magana har muryata ta dushe. Ya tashi ya tafi masallaci.

Da kaka, wutar da maƙwabci ya sa wa shara ta ci danga ta kai ga ɗakin. Yaya ya kutsa zai janyo buhu, narkakkiyar roba ta zubo masa a kafaɗa ta manne. Gyaɗar shekara ta ƙone ƙurmus, hannunsa na dama bai ƙara riƙe fartanya ba.

Ranar kasuwa na iske mai sayar da robar a rumfarsa, ciniki yake yi abinsa.

"Alhaji, robarka ta nakasa yayana."

"Malam, ƙaddara ce. Allah Ya ba shi lafiya."

Na cakumi wuyan rigarsa. Mutane suka taru suka ɓamɓare ni, dattawa suna ta yi min faɗa, wai malamin makaranta guda ba ya jin kunya. Shi ba wanda ya ce masa uffan. Ina tsaye wani manomi daga Fulatan ya sayi fallen robar ya ɗaure a bayan kekensa ya wuce.