Gardamar Baba da Baffa a kan burujin rana

Baba da ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa, sun yi shekaru suna gardama ɗaya a zauren gidanmu, a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Ba duba suke yi ba, dukansu sun yarda gaibu sai Allah. Lokacin shuka suke nema.

Baffa mutumin lissafi ne. A wurinsa, ranar da tsawon dare da na yini suka yi daidai a farkon bazara, rana ta shiga burujin Rago, wato rukunin taurarin da ake kira Rago, daga nan sai ƙirga kwanakin shuka. Baba kuwa sama yake kallo in an idar da sallar asuba.

"Ragon nan naka a baki yake," in ji Baba. "Har yanzu rana tana cikin Kifi. Taurari sun gusa tun zamanin waɗanda suka tsara maka lissafin."

"Yaya, ruwa rana yake bi, ba tauraro ba."

Tazarar da ke tsakaninsu ta fi sati uku, kuma ba wanda ya taɓa sakar wa ɗan'uwansa. Gonakinsu iyaka ɗaya, amma kowa da ranar da yake shuka geronsa.

Sai yanar ido ta rufe wa Baba gani. An yi masa aiki a Kano, ba a dace ba. Daga nan Baffa ya riƙa riƙo hannunsa in sun fito masallaci, su tsaya a bakin gona, ya duba masa taurarin gabas.

"Kaza da 'ya'yanta sun fito?"

"Tukuna, Yaya."

Abin da ya gani kawai yake faɗa, bai taɓa cusa lissafinsa a ciki ba. Haka suka yi 'yan shekaru.

Baffa ne ya riga tafiya. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi ana tsakiyar kaka, bai tashi ba. Da bazara ta zagayo na zo gida daga makarantar da nake koyarwa, Baba ya ce in kai shi bakin gona bayan asuba. Ni in ban da Gamzaki ban san tauraro ko ɗaya ba. Na ciro waya na duba burujin da rana take ciki, na ce masa amsa biyu ta bayar, ta masu lissafi da ta masu bin taurari. Wacce zan karanta?

Sai ya ce:

"Karanta min ta ƙanena."

Na karanta. Ya goge fuska da bakin rawaninsa, ya ce mu koma gida. A hanya ya tambaye ni ko an zuba wa tumakin Baffa harawa. Bai sake cewa a kai shi bakin gona ba, har ya rasu bayan daminar.