Gudumar Mai Kunne

Shekara ashirin da shida muka yi da Mai Kunne a ma'aikatar haɗa injin roka. Ni ina shara, shi yana duba farfela. Ba ya sauraren rediyo, a hanya ma auduga yake cusawa a kunne, wai yana adana su saboda aiki.

Shi ya fahimtar da ni injin, ina riƙe da tsintsiya. Ya ce man da yake sha ya fi ƙarfin irin famfon da muka sani. Sai a ɗebi kaɗan daga man a ƙona a wani ɗan tulun ƙarfe, hucin wutar ya bugi farfela, ita kuma ta juya famfo.

"In fiffike ɗaya ya ɓalle, ba faɗuwa yake ba," in ji shi. "Bututun mai yake yankawa."

Kafin a ɗaura kowace farfela, sai ya rataye ta da igiya, ya bi fikafikanta ɗaya ɗaya da 'yar gudumar tagulla yana saurare.

Litinin ɗin da ta wuce ya tsaya a fiffike na sha bakwai. Ya sake bugawa. Ya sake.

Injiniya ya ce, "Baba, na'ura ta haska ta, lafiyarta lau."

"Wannan bai amsa ba."

"Ko dai kunnen ne bai amsa ba? Jiya sau uku na gaishe ka."

Aka yi dariya, ban da Mai Kunne. Mijin 'yarsa ne yake buɗe bututun mai a ranar gwaji, bango ɗaya ne tsakaninsa da injin.

Ya daɗe yana kallon farfelar. Sannan ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, ta faɗi kan siminti ta lanƙwashe.

A ranar aka sallame shi. Ni na kai farfelar cikin tarkace, ba wanda ya tsaga ta ya duba.

Jiya na je gaishe shi. 'Yarsa tana tsakar gida tana wanke rigar aikin mijinta. Ya rage murya.

"An kawo sabuwa?"

"An kawo."

"Wa ya buga ta?"



Ya shiga ɗaki ya fito da gudumar, ya sa mini a hannu. Na ce ni ban san abin da zan saurara ba. Ban gaya masa an riga an ɗaura ta an ɗaure murfin injin ba.

Jibi ne gwajin.