Mai Tafireta da Ta Koma Kiwon Zuma

An haife ta a shekarar 1951, a wani gari na bakin titin jirgin ƙasa. Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne, mahaifiyarta kuwa ɗinki take yi a cikin gida. Ita ce ta uku a wurinsu, kuma mace tilo.

Karatu, aiki da aure

Bayan ta kammala sakandare ta koyi buga tafireta, kuma a 1971 aka ɗauke ta aiki a ofishin wani kamfanin sufuri, inda ta shafe shekara talatin a teburi ɗaya kusa da taga. Abokan aiki suka laƙaba mata Ruwan Sama, wai idan ta fara bugu sai ka rantse ruwa ake yi a kan kwano. A 1974 ta auri wani kafinta mai yawan barkwanci, Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu.

Jarrabawar ciwo

A 2001 amosanin gaɓɓai ya tilasta mata ajiye aiki. Yatsunta suka kumbura suka karkace, gwiwoyi suka riƙe, har ta kai murfin kwalba yana gagararta. Ta daina fita, sai ta wuni a ɗaki labule a sake. Maigidanta ya sha faɗa daga baya cewa shirun nata ya fi ciwon ba shi tsoro.

Kiwon zuma

A 2005 ƙudan zuma suka yi cincirindo a reshen lemo a bayan gidan, maƙwabta suka ba da shawarar a ƙone su. Sai ga ta ta dogaro sanda ta fito.

"Baban yara, kar a ƙone su. Ka yi musu akwati mana."

"Ke da cokali yake ba ki wuya?"

"Ai ba goya su zan yi ba, suna da fukafukansu."

Ya ƙera mata amya, wato akwatin ƙudan, doguwa mai ƙafafu daidai ƙugunta, da 'yan sanduna marasa nauyi masu maɗaukin igiya, yadda za ta zura wuyan hannu ta ɗaga saƙar zuma ba sai ta damƙa ba. Wani malamin gona mai ritaya ya koya mata sarrafa hayaƙi don kwantar da ƙudan. Sai dai a shekarar farko gwiwa ta ci amanarta, ta faɗa kan amyar, ta sha harbi, ƙudan kuma suka yi ƙaura. Babbar 'yarta, wadda nas ce, ta ce, "Mama, don Allah ya isa haka."

Ta ce, "Ciwon nan ya ƙwace min ofis. Ba zan bar masa bayan gida ba."

Aka kafa mata benci da katakon riƙewa, ta sake ɗana amya, kuma a 2007 ta tace zumarta ta farko. Ciwon bai rabu da ita ba, duk mai tambayar ko harbin zuma ya warkar da ita, takan ce, "Bai warkar da ni ba, ya dai hana ni kwanciya." Sannu a hankali matan da suke haɗuwa da ita a layin asibiti suka fara zuwa koyo, maigidan yana auna tsayin kowacce yana ƙera mata tata, har ya rasu a 2017.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in da biyu, aka yi jana'izarta aka binne ta a maƙabartar unguwa. Ta bar 'ya'ya huɗu: nas ɗin, da direban babbar mota, da malamin lissafi, da autarsu mai shagon gyaran waya, tare da jikoki tara. Ta kuma bar amya shida, da wasiyyar a raba wa ɗalibanta kafin itatuwa su yi fure. Haka aka yi. Allah ya jiƙanta da rahama.