Butar Madara da Kwanon Sukari

Gwaggona Keziah Tatnall ta tsufa a unguwarmu ta Germantown, a birnin Philadelphia na Amurka. Ta koyar da 'yan mata ɗinki da lissafi, ba ta yi aure ba, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Amma in ka nemi tarihinta, duk wannan ba za ta kawo shi ba. Labarin wata ƙwallo guda za ta ba ka.

Tana budurwa aka fara gasar tanis ta mata ta ƙasa a nan Philadelphia, a kan ciyawa, har da wasan bibbiyu. Masu shiga kaɗan ne, Gwaggo takan ce keken doki biyu zai kwashe su duka har da iyayensu mata. Ita da ƙawarta Orpha suka ba da sunansu. Kakana, mahaifinta, dattijo ne a ɗariƙar Kwaka ta Kiristoci masu gudun ado, wanda ko maɓalli mai ƙyalli yake ɗauka alfahari. Ya yarda, amma da sharaɗin kada ta yi ihu, kuma kada ta nuna murna in ta ci. Sharaɗi na biyun dai bai sami damar gwaduwa ba.

A lokacin, da siket har idon sawu ake wasa, da rigar ciki mai matse haƙarƙari, da hula mai faɗi da aka kafe a gashi da doguwar allura. 'Yan kallo na kan kujerun lambu, kowacce da lemarta. Aka haɗa su da wasu 'yan'uwa biyu daga Boston masu dogayen hannuwa, kowa na jiran a gama da su kafin shayi ya huce. Sai ga shi sun ja wasan har ƙarshe, Gwaggo a hagu, Orpha a dama.

Ana kan bugun da in ya kuɓuce musu an fitar da su, ƙwallo ta taso sama a hankali, ta nufo tsakiyarsu daidai. Ko tsohuwa mai sanda za ta mayar da ita. To amma dukansu a gidajen da ba a miƙa hannu ga yankan burodi na ƙarshe suka tashi. Gwaggo ta ja da baya cikin ladabi ta bar wa Orpha. Orpha ta ja da baya cikin ladabi ta bar wa Gwaggo. Ƙwallo ta sauka, ta yi tsalle biyu, ta gangara abinta.

Matar wani daga cikin masu shirya gasar ta ji tausayinsu, ta ba su 'yar butar madara da kwanon sukari na azurfa don rarrashi. Nan ma kowacce ta ce ɗayar ta fara zaɓa, har matar ta gaji ta raba musu da kanta: buta ga Gwaggo, kwano ga Orpha.

Tunda shayi ba ya cika da ɗaya babu ɗaya, sai Laraba ta zama tasu. Wannan makon Orpha ta naɗe kwano a adiko ta zo, mako mai zuwa Gwaggo ta ɗauki buta ta je. Orpha ta auri Enos Lukens mai sayar da gawayi. Yakan ce shi mata da kwano ya aura, amma ran Laraba ba ya ganin ko ɗaya.

Kuma kowace Laraba sai sun yi faɗa kan ƙwallon nan, faɗan da ban taɓa ganin irinsa ba, don kowacce laifin take ƙwata.

"Ni na fi kusa, ni na ja mana," in ji Gwaggo.

"Ke Kizzy, da gajerun ƙafafun nan naki? Ko jirgin ƙasa aka sa ki ba ki kaiwa. Tawa ce, ni na bar ta."

Ina da 'ya'ya biyu lokacin da Enos ya rasu. Aka sayar da gidan, ɗan Inna Orpha da ke can jihar Ohio mai nisa ya ce ta komo wurinsa. Ba ta so, kowa ya sani. Gwaggo kuma tana da ɗaki na gabas wanda ba kowa a ciki sai keken ɗinki. Na yi mata maganar, ta ce ba kyau a shiga tsakanin uwa da ɗanta, in Orpha na so za ta faɗa. Na je wurin Inna Orpha, ta ce ba kyau mutum ya ɗora wa wani nauyinsa, in Kizzy na so za ta faɗa. Na yi ta kai da kawo har takalmina ya cinye, kowacce ta ce ai tausayinta kawai ɗayar take ji.

Larabar ƙarshe a gidan Gwaggo ta faɗo, ina nan. Suka sha shayi, suka yi zancen sanyi da ciwon gwiwa. Ba wadda ta ambaci ƙwallo, abin da ya tsorata ni ke nan. Da Inna Orpha za ta tafi sai ta ninke adikonta ta sa a jaka, ta bar kwanon a kan tebur. Ta ce dama wauta ce a raba su. Jirginta washegari da safe ne.

Gwaggo ta daɗe tana kallon buta da kwano gefe da gefe.

Da gari ya waye ta kafe hularta, ta ɗauki kwanon ko naɗewa babu, ta nufi gidan Inna Orpha. Maƙwabta sun ce gudu ta yi. Ita ta ce sauri ne. Ta tarar an gama loda akwatuna a keken kaya, Inna Orpha na tsaye a bakin ƙofa da safar hannu.

"Kin manta kwanonki."

"Ban manta ba, Kizzy. Bar miki na yi."

"Abin da kika iya ke nan, Orpha Lukens, bar wa mutane. Ni ma haka, to yau na gaji. Ɗakin gabas na nan, ke nake so a cikinsa. Ba tausayinki nake ji ba, nawa nake ji. Ba zan iya Laraba ni kaɗai ba."

Inna Orpha ta dube ta tun daga hula har takalmi, sannan ta fara zare safar hannunta yatsa-yatsa.

"Da haka kika buɗe baki a filin nan, da yanzu kofi muke da shi, ba kwano ba."

"Ashe dai kin yarda ƙwallon tawa ce."

"Ban yarda ba," in ji ta. Ta juya ta ce wa mai keken ya karkata dokinsa, ba tasha za su ba.

Sun zauna tare har ƙarshen ransu. Kwanon kuwa bai taɓa kwana a kicin ba, yana ɗakin gabas. Duk Laraba da yamma Inna Orpha takan naɗe shi a adiko, ta sa hularta, ta taka 'yar barandar da ke tsakanin ɗakunansu, ta ƙwanƙwasa. Gwaggo kuma sai ta bar ta ta ɗan jira, kamar yadda ake yi wa baƙo, sannan ta buɗe.