Ludayin da Ba Ta Ɗauka Ba

Ni ba mai fita ba ce. In ka cire biki da gaisuwar mutuwa, iyakata kasuwar Kankiya. 'Yata ta fari da ke jami'a ce ta zo hutu ta tsare ni, wai ɗalibai sun shirya taro kan zaman lafiya, suna son matar manomi da matar makiyayi.

Ta ce, "Inna, ke da ƙawarki mai nono za ku je. Zama kawai za ku yi."

Ƙawar nan tawa Bafulatana ce, rugarsu na bayan Sukuntuni. Tun ina amarya take kawo mini nono, tana tsokanata wai Kaɗo mai tsoron ɗan maraƙi. Mijinta bai so tafiyar ba. Ni na lallashe shi, na ce amanarta a wuyana.

Ɗakin taron ya cika maƙil. An yi ta zancen ƙasashen da ake yaƙi, waɗanda sai a rediyo nake jin sunansu. Wani saurayi ya ce talakan can da talakan nan kuka ɗaya suke yi, har na gyaɗa kai, don maganar ta shige ni.

Can sai aka kira mu gaba, aka zaunar da ni dama, ita hagu. Aka dire ƙwaryar fura da ludayi biyu.

Mai gabatarwa ya ce, "Iyayenmu, ku sha a ƙwarya ɗaya, duniya ta ga an yi sulhu."

Sulhun me, mu da ko cacar baki ba mu taɓa yi ba? Na dai kurɓa don kar 'yata ta ji kunya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Matar da ko a ɗakina sai ta juya wa ƙofa baya take cin abinci, ita za ta sha fura a gaban maza? Aka yi ta tafi ana zuga ta, wayoyi duk a sama.

Sai wani daga baya ya ce, "Kun gani ko? Su dama ba sa son zaman lafiya."

Aka yi dariya, har da saurayin nan mai zancen kukan talaka. Na miƙe ina cewa kunya ce, al'adarsu ce, amma an riga an ɗauke abin maganar, an koma kan wata ƙasa.

Kafin motarmu ta iso Kankiya, bidiyon ya riga mu gida, an rubuta a ƙasansa wai Bafulatana ta ƙi sulhu. Ƙannen mijinta suka gani. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ƙawata ba ta zo ba.

Na saka hijabi na tafi rugar. Mijin ya amsa sallamata da ƙyar, ya kora shanunsa ya bar wurin. Na same ta tana kaɗa nono. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Tashi, Kaɗo, kashin shanu ne a nan." Ta ci gaba da kaɗa nononta. "Maigida ya ce ba ni ba shiga gari."

Na ce, "To ni zan riƙa zuwa."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta turo mini kujera da ƙafa.